Giwar Manga

Ɗorawa ɗaya ce ta rage a gonar gidan Manga, can bakin kogin Mayo Gwoi, kuma a gindinta akwai mace kwance. Hajaratu ta sha faɗa wa mazan gidan cewa abin da kakansu ya binne a gonar nan mutum ne, tun tana da haƙora har suka zube, ba wanda ya yarda. Su dai hauren giwa ne. To, in namiji ya ƙudura a ransa dukiya ce a rami, ko gawar ta tashi ta yi masa sallama ba zai amsa ba.

Shi Mangan nan kakan Hajaratu ne, uban uwarta. Sunansa na yanka Sulemanu, ɗan marina ne daga ƙasar Katagum, Fulanin Muri ne suka laƙaba masa Manga saboda girman jiki. Ya gudo ya bar karofin ubansa, wai shi ba zai mutu da baƙin hannu ba, arziki zai nema. Ya bi fatake Gwanja neman goro, jakunansa suka mace a hanya. Ya gangaro Binuwai ya shiga haƙar tozali, rami ya rufta da abokin aikinsa, shi ya fito da ƙyar. Ya dafa gishiri har hayaƙi ya fara cin idonsa. Duk inda ya ji an ce akwai samu sai ya ɗaure tsummansa ya nufa, duk inda ya isa sai ya tarar an riga an kwashe. Daga ƙarshe ya ji labarin Turawa na kawo jirgi bakin kogi da damina suna sayen haure. Ya nemi bindigar toka, ya koyi harbin giwa da sango, mashin nan mai dafi da ake ɗurawa a bakin bindiga.

Lokacin Jalingo ba ta zama gari ba, sansanin yaƙi ce, ana kamo mutane daga duwatsu ana ɗaure su a inuwa kamar awaki. Manga ya ba da haure ɗaya, ƙarami ma, mai tsaga, aka miƙo masa wata doguwar yarinya 'yar ƙabilar Mumuye. Bai tambayi sunanta ba. Tun da da haure ya saye ta, sai ya riƙa kiranta Giwa, kuma har yau ba mai iya gaya maka sunan da uwarta ta raɗa mata.

Ita ce jakarsa, ita ce matarsa. Tukunya da albarushi a baya, haure a ka, daga nan zuwa garin Mutum Biyu, zuwa Bakundi, zuwa dazuzzukan Gashaka, a dawo. A hanya take haihuwa, a hanya take binnewa. Biyu ne suka rayu, Dudu da ƙanenta Umaru. Shi Umaru, da yake namiji ne, tun yana rarrafe aka ba wani bafulatani mai shanu riƙonsa. Dudu ko, da yake mace ce, aka ɗora mata ƙwarya ta bi sahu.

Wata damina suka dawo daga daji, Giwa na da tsohon ciki, da haure a kanta. Mayo Gwoi ya cika. Ta ratsa shi ruwa har ƙirji, tana hawowa gaɓa ta durƙusa, jini ya ɓalle, kafin rana ta karkata ta cika, abin da ke cikinta bai fito ba. Manga ya haƙa rami a gindin wata ɗorawa, ya naɗe ta a tabarmar da suke kwana, ba wanka, ba likkafani, ba salla. Sauri yake, kada ruwa ya janye jirgin Turawa ya tafi. Ya saɓi hauren da kansa, ranar ce ma ya fara sanin nauyinsa. Dudu na tsaye tana kallo, yarinya ce da ba ta daɗe da famfara ba.

Bayan nan ya roƙi filin aka ba shi, ya bar Dudu a hannun maƙwabta, ya sake ɓacewa kudu neman danƙo. Sai da Turawa suka ci ƙasa ya dawo, makaho, ba ko tsinke, ƙafa duk gyambo. Dudu ce ta yi jinyarsa. Da ya ji mutuwa ta zo sai ya sa aka kira Umaru, ya lalubi hannunsa ya ce, "Abin da na samu a duniya duka yana gindin ɗorawa. Giwata tana can. Kada ku bari kura ta tone."

Wasu in sun ji wannan sai su ce Allah sarki, ashe yana sonta. Hajaratu tsaki take ja. So a bakin kabari, bayan ido ya mutu? A kai kasuwa.

Umaru dai giwa ya ji, haure ya gani. Dudu ta ce masa, "Uwarmu yake nufi." Ya ɗauke ta da mari. Shi ya riga ya yi aure a gidan mutunci, ya gaya wa surukansa uwarsa bafulatana ce 'yar Muri, can ta rasu. Ya ce duk wanda ya sake kiransa ɗan baiwa sai ya ga jininsa. Ya ɗauki galma ya shiga gona. A lokacin ɗorawa ta fi a ƙirga a wurin, Dudu kuma ta kama bakinta, ba ta taɓa nuna masa ko wacce ba. Ya haƙa har ya tsufa. Ɗansa ya gāji haƙar, ya faɗa ramin da ya haƙa da hannunsa ya karya ƙugu, da shi ya ƙarasa. 'Yarta Hajaratu kaɗai Dudu ta nuna wa, wata rana suna kaɗar ɗorawa, da haɓa ma ta nuna, ta ce, "A nan ba a fitsari."

Haka aka zauna har aka ba Taraba jiha, Jalingo ta zama babban birni. Ma'aikata suka kwararo daga ko'ina, kowa na neman inda zai kafa bulo. Mazan gidan Manga suka yanka gonar suna sayarwa fuloti fuloti, masu injin yanka katako na bin itatuwa suna kayarwa. Ranar da suka iso wannan ɗorawar, Hajaratu ta jefar da sandarta ta rungume kututturen, ta ce sai dai a haɗa da ita a yanka. Ta zage su, ta zagi iyayensu, har suka naɗe kayansu suka tafi. Ta koma gida tana ganin ta yi nasara. Ashe da hannunta ta nuna abin da uwarta ta ɓoye har mutuwa.

Nasiruddeen, jikan Umaru, yana tsaye a wurin ranar. Ɗan kwangila ne. Zamanin farar hula ya samu aikin kai kujeru makarantu, ya sayi Fijo, ya yi tumbi. Da soja suka dawo kwangila ta ƙafe, mai ya yi wuya, motar ta zauna a kan duwatsu kaji na ƙwai a ƙarƙashinta. Wani mutum a Mutum Biyu ya raɗa masa cewa ko da an hana cinikin haure, akwai masu tsallakar da shi iyaka ba wanda ya ji.

Ya zo ya same ta da hantsi a tsakar gida, a unguwar Kachalla Sembe, tana wanke kalwar da ta kwana a wuta. Sana'arta ke nan, daddawa, da ita ta ci da ita ta sha tun mutuwar mijinta. Ya tsuguna daga nesa saboda wari, ya ajiye ledar sukari da sabulu.

"Goggo, ina kwana. Ya ƙarfin jiki?"

"Jiki ya yi. Wa ya mutu?"

"Haba Goggo, sai an mutu zan zo gaishe ki?"

"Bara da na kwanta wata guda ban ga ƙeyarka ba. Yau ga sukari. Faɗi abin da ya kawo ka, kalwata za ta huce."

Ya yi 'yar dariya, ya sosa wuya. "Maganar ajiyar Kaka ce. Ni na san wurin yanzu. Ban zo in cuce ki ba, wallahi. In an fito da shi, kasonki daban. In rufa miki ɗakin nan da kwano sabo, in kai ki Makka."

Ta tsame hannunta daga ƙwaryar, ta dube shi. "Nasiru, kai ma ka kamu? Ciwon da ya cinye kakanka ya karya ubanka? Ba haure a wurin nan. Kakata ce. Uwar Dudu, uwar Umaru. Kai ma daga cikinta ka fito, ko ka so ko ka ƙi."

"Goggo, don Allah bar maganar nan. Mu uwar kakanmu a Muri take kwance, kowa ya sani."

"Kowa wa? Wa ya ga kabarin? Je ka duba madubi, ɗan nan. Hancin nan naka na Muri ne? Ya yi kama da murhu."

Matan gidan da ke wanki suka ƙyalƙyale, suka rufe baki da zane. Nasiru ya miƙe, fuska ta canja.

"In mutum ne, me ya sa kuka ɓoye shekara da shekaru? Kabari ake ɓoyewa? Ke da uwarki kun zauna a kan dukiyar gida kamar kaza a kan ƙwai, ba ku ci ba, ba ku bar mai ci ba."

"Mun ɓoye ne saboda mun san irin da muke tare da su. Kuraye. Ɗauki sukarinka."

Bai ɗauka ba. Ta wurga masa ledar ta fashe a bayansa, kaji suka taru.

Washegari ta yafa mayafi ta dogara sanda sai ƙofar Jauro, mai unguwar da gonar ke ƙarƙashinsa. Ta tarar Nasiru ya riga ta, yana zaune a kan tabarma kusa da liman, an sha fura ƙwarya ta bushe. Ba ta jira an ba ta izini ba, ta zauna a bakin zaure ta miƙe ƙafa.

"Jauro, ƙara na kawo. Yaron nan zai tone kabarin kakata."

"Sannu Dada, sannu. A yi a hankali," in ji Jauro, yana kiranta uwa da Fulatanci. Sa'an ɗanta ne, ta san ranar da aka yi masa kaciya. "Nasiru ya yi mana bayani. Fili dai rabon gidansu ne, ko ba haka ba?"

"Fili nasu ne, an ba maza, mu mata an ba mu haƙuri. Ban zo neman fili ba. Taku uku nake nema a gindin itace, a bar wadda ke ciki ta kwanta."

Liman ya gyara rawani. "Hajiya, ke kin ga lokacin da aka binne ta?"

"Ni ba Hajiya ba ce, ban je ba. Ina zan gani, an haife ni? Uwata ce ta gani."

"To, kin ga, ji kika yi. Akwai wani mai rai da zai shaida?"

"Malam, kai ka ga ranar da aka binne kakanka? In na kawo galma gobe in ce akwai zinariya a ƙarƙashinsa, za ka ce in kawo shaida ko za ka fasa min kai?"

"A'uzu billahi," in ji liman, ya kau da kai.

Nasiru ya ce, "Ranka ya daɗe, kun ji irin abin da muke fama da shi. Tsufa ne. Kalmar Kaka a fili take, giwa ya ce. Giwa kuwa kowa ya san ta."

"Giwata tana can, haka ya ce," in ji Hajaratu. "Wa ya taɓa binne giwa sukutum? In haure yake nufi, bakinsa ciwo yake da ba zai ce haure ba? Shi Bahaushe ne, ba irin Hausarku ta kasuwa yake yi ba. Kuma kura, uban me za ta yi da haure da zai ce kada ta tone?"

Jauro ya dubi liman, liman ya dubi carbinsa. Hajaratu ta ga maganar ta shiga, ta kuma ga ba za ta yi amfani ba, don idon Jauro ma ya riga ya yi irin ƙyallin da ta sani a idon mazan gidansu.

"Ga abin da za a yi," in ji Jauro. "A duba a hankali. In an ga alamar mutum, a tsaya nan take, a mayar da ƙasa, a yi addu'a. In ba mutum ba ne, shi ke nan, an huta da gardama. Ai kin ga an yi adalci, Dada."

"Adalci ke nan, a buɗe tsiraicin mace don a gane ko mace ce?"

Ta dafa bango ta miƙe. A bakin ƙofa ta juyo ta ce, "Allah ya isa. Ban ware kowa ba a zauren nan."

Ta je kotu ma. Ta wuni a kan benci, aka ce alƙali ya tafi taro, ta dawo wani mako. Nasiru bai jira wani mako ba. Ranar Asabar, da ma'aikatan hanya ba sa aiki, ya shirya da wani direba mai suna John ya kawo katafila mai dogon hannu a ɓoye daga wurin aikinsu, da man da aka saya a bayan fage. Kafin labari ya kai wa Hajaratu ta ratso gari da sanda, an riga an kayar da ɗorawar. Tana kwance rassanta a cikin yashi, saiwoyinta a sama, jama'a sun kewaye kamar ana dambe.

Ta kutsa ta tsaya a gaban ƙarfen. John ya kashe inji ya leƙo, ya yi mata magana da gurguwar Hausarsa.

"Mama, ka tashi a wurin, abin nan ba ya da ido."

"Ɗana, kai ɗan ina ne?"

"Ni? Zing, ƙasar Mumuye."

"To 'yar'uwarka ce a nan ƙasa. Daga duwatsunku aka kamo ta."

John ya dubi Nasiru. "Oga, Mama ya ce akwai mutum. Ni ba a gaya min mutum ba."

"Rabu da ita, ruɗewa ce. Jauro ya ba da izini." Ya yafito matansa biyu da wata ƙanwarsa, suka riƙe tsohuwar ta hammata, suna "yi haƙuri Goggo, yi haƙuri," suka ja ta gefe. Ba ta da nauyi. Ta ciji ɗaya da dasashi, ba ta ko ji ba.

Ƙarfen ya caki ƙasa. Ya kwaso baƙa ya zubar, ya kwaso ja ya zubar. Ramin bai yi zurfi ba, da ma mai sauri ne ya haƙa na farko. A kwasa ta huɗu ko ta biyar wani abu ya gangaro daga tulin ƙasar, fari-fari, mai lanƙwasa. Wani ya yi ihu, "Haure!" Mutane suka ruga, Nasiru a gaba, ya faɗi a gwiwa ya damƙe shi da hannu biyu.

Haƙarƙari ne. Kusa da shi ga ƙoƙon kai ya rabe biyu, sabuwar karaya, ƙarfen ne ya fasa shi.

Aka ja da baya ana salati. John ya sauko daga katafila ya cire hularsa, ya yi alamar gicciye. Matan suka saki Hajaratu. Ba ta yi kuka ba. Ta taka har gaban Nasiru, wanda ke durƙushe da ƙashin a hannu.

"Gaishe ta mana. Kakar ubanka ce."

Ya saki ƙashin, ya goge hannu a riga. Ya daɗe yana kallon ramin, har Hajaratu ta ɗauka abin ya taɓa shi. Sai wani dattijo daga cikin 'yan kallo ya ce, "Ai haka mutanen dā suke yi. In za su binne dukiya sai su kwantar da bawa a kai ya yi gadi."

Nasiru ya ɗago kai. Ka ga yadda mai shiɗewa ke dawowa in an yayyafa masa ruwa? Haka fuskarsa ta yi.

"Ƙwarai," ya ce. "Ƙwarai kuwa! Baiwa ce aka sa gadi. Kayan na ƙasa. John, hau!"

"Oga, an ce in an ga mutum a tsaya."

"Na ce ka hau. Yini na ɗauke ka, ko ka manta wa ya san ka fito da motar nan ranar hutu?"

John ya mayar da hularsa, ya hau. Ya dai yi mata abu ɗaya, bai tayar da inji ba sai da ta gama. Ta cire mayafinta ta shimfiɗa, ta shiga tulin ƙasar da yatsu. Ta tsinci na hannu, ta tsinci na ƙafa, dogaye ne kamar yadda Dudu ta faɗa. Ta haɗa ƙoƙon kan biyu. A cikin ƙashin ƙugu ta tarar da wasu 'yan ƙanana kamar na tsuntsu, ta san ko na wane ne, ta sa su a tsakiya. Ba wanda ya taya ta, ba wanda ya hana ta. Ta ƙulle mayafin ta ɗora a ka. Tana hawa hanya ta ji injin ya tashi a bayanta.

Gidan liman ta nufa, kai ba mayafi, ƙafa duk jar ƙasa. Ta sauke ƙullin a gabansa.

"Ga shaidar da ka ce in kawo. A yi mata sutura, a sallace ta, a kai ta maƙabarta cikin mutane."

Liman ya ja da baya kaɗan, ya yi inna lillahi. Sannan ya ce, "Musulma ce?"

"Ta haifa wa Musulmi 'ya'ya. Ta ɗauki butarsa shekara da shekaru."

"Wannan ba shi ne tambayar ba. An ji ta yi shahada? Shi mai ita bai sallace ta ba, kin faɗa da bakinki. In na sa ta cikin Musulmi ba da sani ba, ni za a tambaya. Sai dai in mazan gidan sun zo sun ce tasu ce, sun tsaya mata."

"Mazan gidan suna can suna neman abin da take gadi."

"To, ki yi haƙuri. A samu wani wuri a gefe, a rufe."

Ta ɗauki ƙullinta. Wani wuri a gefe, a garin da kowane taku an kafa masa dutsen siminti an rubuta lamba. Ta wuce gida.

Ɗakinta na ƙasa ne, daɓe, tun na aurenta. Ta ja gadon ƙarfen gefe, ta ɗauko fartanya, ta jiƙa daɓen da ruwan tulu ta fara sara. Ta huta, ta sara, ta huta. Azahar ta wuce, la'asar ta yi. Da ramin ya kai gwiwarta ta ɗauko farin zanen da ta ajiye a ƙasan akwati don ranar tata tafiyar, ta wanke ƙasusuwan ɗaya ɗaya a ƙwarya da ruwan ɗumi, ta jera, ta naɗe. Ta kwantar da su suna duban gabas. Ba ta iya sallar gawa ba, mata ba sa yi, sai ta karanta Fatiha da Ƙulhuwa, iyakar abin da take da shi ke nan. Da ta zo inda ake faɗin suna sai ta rasa abin faɗa. Ba za ta kira ta da sunan da mai saye ya sa mata ba. Ta ce, "Ya Allah, ka san ta." Ta mayar da ƙasa, ta daddaɓe da taɓarya, ta jawo gadon ta ɗora a kai.

Tana zaune a bakin gadon, hannu na zogi, ta ji sallamar Nasiru a tsakar gida. Rana ba ta faɗi ba tukuna. Ya tsaya a bakin ƙofa, jar ƙasa har gira, idonsa ya faɗa. Sun haƙa har ruwan Mayo Gwoi ya ɓullo ya cika ramin, ba su ga komai ba.

Bai gaishe ta ba. Ya dubi fartanyar da ke jingine, ya dubi ɗanyen daɓen da ya leƙo daga ƙarƙashin gado.

"Goggo, yara sun ce tun rana kike haƙa a ɗaki."

"Na binne kakata."

"Mutane sun ce ƙullin da kika ɗauka ya yi nauyi. Sun ce kin daɗe kina tona ƙasar nan ke kaɗai, ba wanda ya ga abin da kika sa a ciki."

Ta dube shi tun daga ƙafa har kai. Ta jawo taɓaryar ta ɗora a cinya.

"Shigo ka duba."

Bai shigo ba. Ya tsaya yana auna ɗakin da ido, daga bango zuwa bango, sannan ya dubi tsohuwar, yadda numfashinta ke fita da ƙyar. Ya ga ba sai ya yi faɗa ba.

"Allah ya ƙara lafiya, Goggo," ya ce, ya juya.

Hajaratu ta haye gadon ta zauna a tsakiya. Aka kira magariba ba ta sauka ba, sai ta sa aka miƙo mata buta.